Yadda tsofaffin manoman Kentaki suka koma 'yan koyo a gonar wiwi a 2019

A shekarar 2019 manoma kusan dubu ɗaya ne a jihar Kentaki ta Amurka suka karɓi lasisin noman wiwi, kuma ba fa yara ba ne ko 'yan shaye-shaye, da yawansu magidanta ne da suka gaji noman taba da masara da waken suya tun kaka da kakanni, irin mutanen nan da in suka damƙi ƙasa a hannu za su gaya maka abin da za ta yi da abin da ba za ta yi ba. Amma kafin shekara ta zagayo da yawansu sun tafka asarar da ba su taɓa gani ba, wasu amfanin gonar na jibge a rumbu babu mai saye, wasu hukuma ce ta sa su lalata shi da hannunsu, wasu kuma sun kai kaya kamfani an auna an ba su takarda, kuɗi kuwa shiru. Kusan duk kuskuren da sabon shiga yake yi a wannan shuka sai da aka yi shi a wannan shekara ɗaya, kuma a kan dubban eka.

Wiwin da ake magana ba wanda ake busawa ba ne. Shukar dai ɗaya ce, jinsi ɗaya, ganye iri ɗaya, wari iri ɗaya, bambancin kawai yawan sinadarin THC, wato wanda yake bugarwa. Dokar Amurka ta 2018 ta ce in THC bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari na nauyin busasshen ganyen ba to wiwin masana'antu ne, halas ne a noma shi, in ya wuce ko da kaɗan ne to ya zama haramtaccen kaya. A nan Najeriya dai doka ba ta yi wannan rabe-raben ba, wiwi wiwi ne a wurin NDLEA, kuma kowa na jin labarin gonakin da suke bankawa wuta a dazukan Ondo da Edo, saboda haka labarin nan na can ne, kada wani ya ɗauka ana zuga shi.

Kentaki ba baƙuwar wannan shuka ba ce. A ƙarni na 19 ita ce kan gaba a Amurka wajen noma ta don igiya da buhu, har lokacin yaƙin duniya na biyu ma gwamnati da kanta ta roƙi manoma su shuka saboda igiyar jiragen ruwa, daga baya abin ya mutu, dokar 1970 kuma ta haɗa shi da sauran miyagun ƙwayoyi ta rufe ƙofa gaba ɗaya. Wato duk wanda ya san aikin da hannunsa ya riga ya mutu ko ya tsufa tukuf. A 2014 aka buɗe ƙofa kaɗan don gwaji a ƙarƙashin jami'o'i da ma'aikatun gona na jihohi, a shekarar ma sai da hukumar yaƙi da ƙwayoyi ta tarayya ta riƙe irin da Kentaki ta yi odarsa daga Italiya a Louisville, babban birnin jihar mafi yawan jama'a, sai da jihar ta kai ƙara kotu kafin a sake shi, eka 33 kacal aka shuka a duk faɗin jihar. Sai ga 20 ga Disamba 2018, Trump ya sa hannu a dokar noma wadda ta halatta shi a ƙasa baki ɗaya, wanda ya tsaya kai da fata a kan lamarin kuwa shi ne Sanata Mitch McConnell, mai wakiltar Kentaki, shugaban masu rinjaye a majalisar dattawa a lokacin, har da alƙalamin da aka yi da itacen wiwin ya sa hannu a takardar don a gani.

To me ya sa mutane suka afka haka? Ai dole. Taba da ta riƙe jihar shekara da shekaru ta ja baya tun da gwamnati ta soke tsarin kason noma da tallafin farashi a 2004, waken suya kuma farashinsa ya faɗi saboda rikicin kasuwanci da Chana, ga kuma maganar CBD ta cika ko'ina, wato ɗaya sinadarin da ake tatsa daga furen shukar wanda ba ya bugarwa, ana sa shi a mai da man shafawa da alawa, ana cewa yana maganin kaza da kaza. A tsakiyar 2019 ana sayen busasshen kayan a kan wajen dala 4 ga kowane kashi ɗaya na CBD a laba guda, wato laba mai kashi 10 ta kai dala 40. Sai mutum ya ɗauki biro ya ce to in na sa tushe 1,500 a eka, kowane tushe ya ba ni laba ɗaya, dala dubu 60 ke nan a eka ɗaya, alhali masara 'yan ɗaruruwan daloli take kawowa. Wa zai ga wannan lissafi ya yi barci? Kowa ya yi irin wannan lissafin a lokaci ɗaya, kuma ba wanda ya tsaya ya tambaya in dukkanmu muka shuka wa zai saye.

Alƙaluman sun isa su nuna. A 2018 eka dubu 78 da 'yan kai aka noma a duk Amurka, a 2019 lasisin da aka bayar ya haura eka dubu 500, duk da ba duka aka shuka ba. A Kentaki kaɗai daga eka wajen 6,700 aka yi tsalle zuwa wajen 26,500.

Matsalar farko tun daga iri ta fara. Wiwi shuka ce mai namiji da mace daban-daban kamar dai gwanda, kuma mai neman CBD macen kawai yake so, macen ma wadda ƙurar furen namiji ba ta taɓa ta ba, don da zarar ta samu barbara sai ta karkatar da ƙarfinta wajen yin 'ya'ya, furen ya cika da ƙwaya, sinadarin da ake nema ya ragu, kamfani ya duba ya ce ba ya so ko ya karya farashi. Shi ya sa ake sayen ko dai dashen da aka yanko daga jikin uwa mace, wanda a lokacin yake kai dala uku zuwa biyar kowane ɗaya, ko kuma irin da aka ce an sarrafa shi mata zalla zai fitar, wajen dala ɗaya kowace ƙwaya. Ƙwaya ɗaya fa, ba mudu ba. To ita ƙwayar iri ba a gane namiji da mace da ido, kuma a shekarar babu wani tsayayyen tsarin tantance irin CBD kamar yadda ake da shi a masara, kowa ya buɗe shafi a intanet ya sa hoton fure mai kyau ya zama mai sayar da iri. Manomi ya biya dubban daloli, ya yi reno, ya dasa, ya yi ta ban ruwa, sai bayan makonni shuka ta fara nuna alama ya ga gonarsa cike da maza. Akwai wani kamfani a birnin Lexington na Kentaki da ya maka wani mai sayar da iri na jihar Oregon a kotu yana neman dala miliyan 44, a cewar ƙarar an sayar musu da ƙwaya sama da miliyan shida a matsayin mata sai aka tarar yawanci maza ne, har sai da aka kife gonaki da garma.

Kuma abin haushin ko naka irin mai kyau ne ba ka tsira ba, don ƙurar furen iska ce ke ɗaukarta, tana tafiyar mil da yawa. In maƙwabcinka sabon shiga ne bai san yadda namiji yake ba, ko ya sani amma ya yi kasala bai bi layi-layi ya tuge su da wuri ba, ko kuma shi na igiya ko na ƙwaya yake nomawa wanda dama da mazansa ake barinsa, to gonarka ta tafi. An yi ta rigima da shari'a a kan wannan musamman a Oregon. Aikin tuge mazan ma ba na rana ɗaya ba ne, sai an riƙa zagaya gona ana leƙa gaɓar kowane tushe, ka yi tunanin mutumin da ya shuka eka hamsin yana da tushe dubu saba'in da biyar, shi da matarsa da 'yan ƙwadago uku.

Nan ne ma kuskure na biyu ya fito, girman gona. Mutumin da ya saba noma eka ɗari biyar na masara da tarakta shi kaɗai, in ka ce masa ya fara da eka ɗaya ko biyu sai ya ga kamar raini ne. Amma wiwin CBD ba aikin tarakta ba ne, ya fi kama da noman lambu, kusan komai da hannu. A lokacin shukar 2019 babu maganin ciyawa ko na ƙwari da hukumar kare muhalli ta tarayya ta yi wa rajista musamman don wannan shuka, sai a Disamba na shekarar ta amince da guda goma, bayan an gama girbi ke nan. Saboda haka ciyawa sai fartanya da hannu ko shimfiɗa leda a kan kunya, tsutsar masara kuma ta samu sabon abinci, tana shiga cikin furen tana ci daga ciki, inda ta ci kuma nan ruɓa ke farawa. Wasu gonakin zuwa Agusta ba ka iya gane wiwi ne aka shuka ko ciyawa. Kuɗin da eka ɗaya ke ci kafin a ga ko sisi yakan haura dala dubu goma, kuma bankuna da yawa suna ɗari-ɗari da ba da rance a kan abin da jiya-jiya haramun ne, inshorar amfanin gona ta gwamnati ma ba ta fara shafarsa ba sai 2020, to mutane da ajiyarsu suka shiga, wasu suka jinginar da abin da suka mallaka.

Su manoman taba gaskiya sun fi saura dama-dama, don suna da injin dashe, sun saba da aikin hannu, sun san inda ake samo ma'aikata, ga rumbunan shanya taba a tsaye. Sai dai sanin taba ɗin ma ya yaudari wasu, don shukar ba ta son ƙasa mai riƙe ruwa ko kaɗan, saiwarta ruɓewa take, farkon kakar kuma an yi ruwa sosai a yankin, aka makara wajen dashe, dashen da aka saya da tsada ya daɗe a tire saiwa ta nannaɗe. Ita kuma shuka ce mai bin tsawon rana, da dare ya fara tsawo za ta fara fure ko ta girma ko ba ta girma ba, wanda ya dasa a makare sai ya samu 'yan guntayen tushe da ba su kai gwiwa ba sun yi fure, lissafin laba ɗaya a tushe ya rushe. Watan Satumba kuma sai fari da zafi, wata guda kusan ba ɗigon ruwa a Lexington da kewaye.

Sai maganar kashi 0.3, wadda ni a ganina ita ce ta fi ban tausayi don nan ne mutum zai yi komai daidai kuma ya rasa komai. CBD da THC tare suke hawa yayin da fure ke nuna, a irin da ake da shi lokacin kusan duk kashi ashirin da 'yan kai na CBD yana tafe da kashi ɗaya na THC, to ka ga ke nan in kana son ka tsaya ƙasa da 0.3 da wuya CBD ɗinka ya wuce kashi bakwai ko takwas, alhali kamfani na biya ne bisa yawan CBD kuma kowa goma yake nema. Sai manomi ya ce bari in ƙara mako ɗaya ko biyu ya ƙara nuna, garin neman ƙiba a samo rama, jami'in gwamnati ya zo ya yanki kan fure ya kai ɗakin gwaji, sakamako ya fito sama da iyaka, shi ke nan gonar gaba ɗaya ta zama haramtacciya, sai a kife ta ko a ƙone. Waɗanda suka san aikin tun lokacin gwaji suna kai nasu samfurin ɗakin gwaji akai-akai da kuɗinsu tun fure na farawa don su san ranar da za su yanke, sabon shiga kuwa yana ganin kuɗin gwajin asara ne, jira yake hukuma ta zo ta gaya masa. A jihar Arizona kusan kashi 41 cikin ɗari na abin da aka gwada a 2019 ya faɗi, a jihar Hawai fiye da rabin gonakin aka lalata.

A lokacin kowa cewa yake zafi ne da fari suka sa shuka ta wahala THC ya hau, dillalan iri ma sun ji daɗin wannan bayani don ya wanke su. Amma binciken da masana na jami'ar Cornell suka fitar a 2020 ya nuna abin ya fi ta'allaƙa da asalin irin, wato tun ranar da ka saya an riga an yanke maka hukunci, in irin mai hawa ne zai hau ko ka yi masa ban ruwa da madara. Shi kansa 0.3 ɗin ba wata iyaka ce da ke raba bugarwa da rashin bugarwa ba, wani masanin tsirrai ɗan Kanada, Ernest Small, shi da abokin aikinsa suka sa ta a wani rubutu na 1976 don rarrabe nau'o'in shukar, shi da kansa ya sha faɗin cewa zaɓa kawai suka yi, ganye mai kashi 0.5 ba zai bugar da kowa ba, wanda ake sayarwa don sha ai yana kai kashi 15 zuwa 20 ko fiye. Amma lambar ta shiga doka ta zauna, har ta ƙetaro nan yankinmu, Gana ma ita ta ɗauka a dokarta ta 2020, wadda kotun ƙoli ta soke sashen a 2022 majalisa ta sake maido da shi a 2023.

Ma'aikatar gona ta tarayya kuma ba ta fitar da ƙa'idojinta ba sai ƙarshen Oktoba 2019, lokacin an riga an shuka an ma girbe, wato shekarar gaba ɗaya an yi ta ne kowace jiha da nata tsarin. Ƙa'idar da ta fito ta ce sai an ɗauki samfuri cikin kwana 15 kafin girbi, manoma suka yi ca, suka ce ina za a girbe eka hamsin da hannu cikin kwana 15, sai a 2021 aka mayar da shi kwana 30 aka kuma ba da damar gyara kayan da ya ɗan haura maimakon lalata shi.

Wanda ya tsallake duk wannan ya kai girbi sai ya ci karo da abin da kusan ba wanda ya shirya masa, wato shanya. Ɗanyen tushe kaso mafi yawa na nauyinsa ruwa ne, furen kuma a cure yake ga danƙo, in ka yanke ka tara shi ko na kwana ɗaya ne sai ya ɗau zafi daga ciki ya fara baƙi, fumfuna ta kama, kuma kayan da ya yi fumfuna babu kamfanin da zai karɓa don abin da mutane za su sa a baki ne. Dole a rataye shi tushe-tushe a inuwa inda iska ke ratsawa, ko a kai injin busarwa. To eka ɗaya ma wurin da take ci ba kaɗan ba ne, balle ashirin. A watan Oktoba kowa ya yanke a lokaci ɗaya, rumbunan taba suka cika, mutane suka koma hayar tsofaffin sito da ɗakunan kaji suna ɗaura igiya da waya suna kunna fanka dare da rana, masu injin busarwa layi ya yi musu yawa suka tsuga kuɗi, wasu injinan ma sabbi ne ba a gama sanin kansu ba, in zafi ya yi yawa su ƙona abin da ake nema. Gonaki da dama ba a ma girbe su ba, an bar su a tsaye sanyi ya kashe. Mutum ya kashe dala dubu ɗari a kan iri da dashe amma bai tanadi inda zai rataye ba, wallahi wannan ya fi komai ba ni mamaki, don manomin da ya san taba ya san rabin aikin a rumbu yake.

Ga kuma ɓarayi. Samari su tsaya a bakin titi da dare su tuge tushe su cika mota suna murna sun samu banza, ba su san ko sun sha buhu guda ba abin da za su ji sai ciwon kai, manoma har alluna suka riƙa kafawa suna rubuta cewa wannan ba ya bugarwa. 'Yan sanda su ma ba su iya bambancewa, a Janairu 2019 an kama wani direban babbar mota a jihar Idaho ɗauke da laba 6,701 daga Oregon zai kai Kolorado, aka tuhume shi da safarar ƙwaya.

Amma duk waɗannan da kasuwa ta tsaya da an farfaɗo. Babban kuskuren shi ne shuka ba tare da sanin mai saye ba, kuma da yawa haka suka yi, suna cewa ai kaya ne da ake rububi, in ya nuna masu saye za su zo har gona. Masu wayo kuma suka ce mu mun sa hannu a kwangila da kamfani, sai dai ba su duba ko kamfanin yana da kuɗin biya ba. Kamfanonin tatsar su ma sabbin shiga ne, da kuɗin masu zuba jari suke tafiya, lissafinsu duka ya dogara ne a kan cewa hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, za ta bari a sa CBD a abinci da lemo, manyan kantuna da kamfanonin lemo su shigo su kwashe komai. Ita kuwa FDA tun a 2018 ta amince da wani maganin farfaɗiya mai suna Epidiolex da aka yi da CBD, kuma a dokarsu abin da ya riga ya zama magani ba a zuba shi a abinci haka kawai, ta yi zaman jin ra'ayi a ƙarshen Mayu 2019 ta tashi ba ta buɗe ƙofar ba, har zuwa Janairu 2023 ma cewa ta yi sai majalisa ta yi sabuwar doka. Manyan masu sayen da ake jira ba su zo ba. Kuma CBD abu ne da ake amfani da shi kaɗan-kaɗan, 'yan miligiram a kwalba, gonaki ƙalilan sun isa su wadata ƙasar gaba ɗaya.

Farashi ya fara zamewa tun kafin a gama girbi, daga wajen dala 4 ya gangaro, a cikin 2020 ya koma ƙasa da dala ɗaya. Ka koma kan lissafin biron nan, ka sa kashi 7 maimakon 10, ka sa rabin laba a tushe, ka sa dala ɗaya, eka ta koma dala dubu biyar da 'yan kai, ba ta ma mayar da kuɗin da aka zuba ba, in ma an samu mai saye ke nan. Wasu kamfanonin sai suka koma cewa ba za mu biya ka kuɗi ba, kawo kayanka mu tatsa mu raba man, manomi ya koma gida da bokitan mai da shi ma bai san inda zai kai ba.

GenCanna, da ke Winchester, na cikin manyan kamfanonin jihar kuma na farko-farko tun zamanin gwaji, har ta fara gina wata katafariyar masana'anta ta dala miliyan 40 a Mayfield. A ƙarshen 2019 'yan kwangilar ginin suka fara kukan ba a biya su ba, wasu manoma suka kai ta ƙara, a Nuwamba gobara ta tashi a wurin aikinta na Winchester, a Fabrairu 2020 ta je kotu ta bayyana cewa ta karye. Ba ita kaɗai ba, Atalo da ke garin ɗaya da Sunstrand mai sarrafa zare a Louisville su ma sun durƙushe a wannan tsakanin. Manomin da ke bin irin waɗannan kamfanoni kuɗi kuma a shari'ar karyewa can baya yake a layi, sai masu bashin da ke riƙe da jingina sun ɗiba tukuna.

A 2020 eka wajen dubu biyar kawai aka shuka a Kentaki, daga dubu 26 da ɗari biyar. A ƙasa baki ɗaya ƙididdigar ma'aikatar gona ta nuna eka dubu 54 a 2021, ta sake faɗuwa zuwa dubu 28 a 2022. Waɗanda suka rage galibi ko dai ƙananan gonaki ne masu sayar da nasu man da kansu, ko waɗanda suka koma na zare da na ƙwaya, wanda ake shukawa da injin kamar alkama, ribarsa kaɗan amma ba ruwansa da tuge maza.

Tarin kayan 2019 da ya kwana a sito cikin manyan buhuna kuwa bai tafi a banza duka ba, ya samu wata hanya da ba wanda ya tsara. Masu ɗakunan haɗa sinadarai suka gano za a iya juya CBD mai arha ya koma wani nau'in THC da ake kira delta-8, wanda yake bugarwa, dokar 2018 kuma delta-9, wato THC ɗin da aka saba da shi a wiwi, kaɗai ta ambata, sai ga alawa da abin zuƙa na delta-8 a gidajen mai da ƙananan shaguna, har a jihohin da wiwin sha yake haramun, ba tantance shekaru ba komai. Jihohi suka yi ta fama, wasu suka hana, wasu suka sa ƙa'ida. A Nuwamba 2025, cikin dokar kasafin da ta kawo ƙarshen rufe ayyukan gwamnatin tarayya, aka saka wani sashe da ya sake fassara wiwin masana'antu ta yadda yawancin waɗannan kayayyaki za su fita daga halas bayan shekara guda. Wanda ya tura sashen shi ne McConnell ɗin nan dai mai alƙalami, shi kuwa wanda ya tashi ya nemi a cire shi don kare manoma da 'yan kasuwar jihar kuma ya sha kaye a ƙuri'a shi ne Rand Paul, ɗaya sanatan na Kentaki.